Na Bi Sawun Zoɓonmu Har Birnin Meksiko

Duk wanda ya taɓa auna zoɓo a Maigatari, ko ya ɗinke buhunsa a Dawanau, ya san yawancin wannan kaya ba a ƙasashenmu ake shanye shi ba. Kwantena yake shiga, ya yi makonni a teku, ya sauka Meksiko. Mu nan kowa da sunan da yake kiransa: zoɓo ko soɓorodo a gida, sobolo a Gana, folere a Kamaru, karkanji a Chadi, karkade a Sudan. Su kuma can suna rubuta jamaica, a baki su ce hamaika, kuma da wuya ka shiga gidan abinci a babban birninsu ba ka ga jan ruwansa a katon tulun gilashi ba.

Na yi shekaru a wannan harka ta hannun dillalai ban taɓa ganin fuskar mai shan kayan ba. Da wani abokin ciniki ya aiko mini da takardar gayyata sai na ce to, bari in je in gane wa idona, na kuma tafi da maiɗakina. Kwana goma sha biyu muka yi. Abin da zan fara gaya wa mai niyyar zuwa shi ne, birnin Meksiko garin kasuwa ne tun asalinsa. Baturen yawon buɗe ido yakan fara da gidajen tarihi. Ɗan kasuwa ya fara da kasuwa, nan zai fi saurin gane garin.

Amma maganar biza tukuna, don ita ke fara tsayar da mutum. Meksiko tana da ofishin jakadanci a Abuja da Akara. Wanda yake riƙe da bizar Amurka, ko Kanada, ko Ingila, ko Japan, ko ta ƙasashen Shengen da ba ta ƙare ba, dokarsu ta yarda ya shiga ba sai ya nemi tasu ba, sai dai a tabbatar a ofishin kafin a yanki tikiti. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga yankinmu, sai an bi ta Istanbul, ko Paris, ko Madrid da makamantansu, kuma wasu wuraren yada zangon su ma suna da tasu bizar. A riƙe tikitin dawowa, da shaidar masauki, da takardar gayyata, duk a buge a takarda, ba a waya kaɗai ba. Ana tsananta wa 'yan Afirka tambaya a wurin shiga, saboda yawan masu bi ta ƙasar don tsallakawa Amurka. Wannan rubutu nawa na masu zuwa su dawo ne. Duk wanda ya zo wa ɗanka da zancen bi ta daji zuwa iyakar Amurka, wallahi ba mai ƙaunarsa ba ne.

Abu na biyu, garin yana kan tudu. Tsayinsa ya kai mita 2,240 daga doron teku, kusan ninki biyu na Jos. Kwana biyun farko, matakala goma sai ka ji kana haki kamar ka yi tsere, ga ciwon kai. A sha ruwa da yawa, a yi tafiya a hankali, mai hawan jini kuma ya ga likitansa kafin ya taso. Ruwan famfo ba a sha, su kansu 'yan garin na gora suke saye. Safiya da dare akwai sanyi duk shekara, a Disamba da Janairu kuwa kamar tsakiyar hunturu. Daga Yuni zuwa Satumba kusan kullum da la'asar sai an yi ruwa. Agogonsu yana bayan na Kano da Yamai da awa bakwai, yana bayan na Akara da awa shida, don haka lokacin da kake karin kumallo yaran shagonka sun yi azahar.

Gari a kan tafki

Tsakiyar birnin wani makeken fili ne da ake kira Sokalo. A nan 'yan ƙabilar Aztek suka kafa garinsu Tenochtitlan a 1325, a kan tsibiri a tsakiyar tafki. Turawan Sifaniya ƙarƙashin Hernan Kortes suka ci garin da yaƙi a 1521, suka rushe shi, suka gina nasu a kansa, sannan a hankali suka janye ruwan tafkin. To ƙasar da ke ƙarƙashi laka ce, ga mutum sama da miliyan ashirin a birnin da kewayensa suna zuƙar ruwan ƙasa, shi ya sa garin yake nutsewa sannu a hankali. Ba sai an gaya maka ba. Ka tsaya gaban babbar majami'ar da ke bakin filin, wadda aka fara ginawa a 1573 ba a gama ba sai 1813, za ka ga gine-ginen gefe sun karkace, wani ya jingina da wani kamar tsofaffi a layin asibiti.

A bayan majami'ar akwai kufan babban ɗakin bautar Aztek, Templo Mayor. A 1978 ne ma'aikatan lantarki suna haƙa suka ci karo da wani katon dutse mai sassaƙa, daga nan aka rushe gidajen wurin aka tono abin da ke ƙasa. Awa biyu ta isa a zagaya shi da gidan tarihinsa.

Ni abin da ya fi kama hankalina ba ɗakin bautar ba ne, labarin kasuwarsu ne. A arewa da Sokalo kaɗan akwai unguwar Tlatelolko, inda babbar kasuwar Aztek take. Kortes da kansa ya rubuta wa sarkinsa cewa mutum dubu sittin ke cin kasuwar a rana, kowane kaya da layinsa, ga alƙalai zaune suna raba gardama suna duba mudu. Ƙwayar koko, wadda ake cakulan da ita, ita ce kuɗinsu, yadda wuri ya kasance a wurin kakanninmu. Har 'yan jabu suna da su: a ƙwaƙule cikin ƙwayar a cusa laka a liƙe. Suna da fatakensu da ake kira pochteka, masu tafiyar watanni su kai tufafi su dawo da gashin tsuntsu da duwatsu masu daraja, kuma sarki yana jin labarin ƙasashe daga bakinsu. Bambancinsu da fatakenmu na hanyar Gwanja shi ne ba su da jaki ko takarkari, a bayan mutum ake ɗaukar komai. Wanda yake son ganin yadda kasuwar take, akwai kwaikwayonta da 'yan mutum-mutumi a babban gidan tarihin ƙasar da ke dajin Chapultepek, wanda aka buɗe a 1964. A can ne kuma katon Dutsen Rana yake, mai nauyin tan 24. Ranar Litinin a rufe yake, kamar yawancin gidajen tarihin garin.

Wannan tsari na kowane kaya da layinsa bai mutu ba. A titunan da ke kewaye da Sokalo, titin Mesones na 'yan littattafan makaranta da biro ne, Biktoriya na fitilu da kayan lantarki, Korrehidora na kayan aikin hannu, titin Chile kuma rigunan amare ne daga farko har ƙarshe. Hajiya ta shiga wannan titin, sai da na yi da gaske kafin ta fito. A dandalin Santo Domingo har yanzu akwai masu zama da keken rubutu suna rubuta wa mutane wasiƙa da takardun hukuma, irin waɗanda muka taso muna gani a ƙofar gidan waya. Unguwanni kuma kowace da ranar kasuwarta ta mako, tiyangis suke ce mata, a tare titi da rumfunan leda da safe, da yamma a kwashe kamar ba a yi ba.

Inda buhunanmu suke sauka

Kasuwar Merced ce mafi sauƙin zuwa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, Metro, yana da tasha a cikinta, kana haurowa daga matakala sai ka gan ka a tsakiyar tulin barkono. Wannan jirgi tun 1969 yake aiki, layi goma sha biyu ne, kuɗin shiga peso biyar ko ina za ka. Kowace tasha da hotonta saboda waɗanda ba su iya karatu ba: ta Merced akwatin tufa, ta Chapultepek fara. Wannan ya taimake mu ƙwarai mu da ba ma jin Sifaniyanci. Taragun gaba na mata da ƙananan yara ne kaɗai, uwargida ta lura da wannan, musamman safe da yamma lokacin cunkoso.

Akwai wata kasuwa mai suna Jamaica, kada sunan ya ruɗe ka, ta furanni ce. Zoɓo na sari yana Central de Abasto, a yankin Istapalapa. An buɗe ta a 1982, faɗinta hekta 327, kuma ita ke ciyar da birnin. Ka ɗauki Dawanau ka haɗa da 'Yan Kaba da 'Yan Lemo, ka rufe su da rufi ɗaya, ka sa wa layukan haruffa, to ka kusa. Tun kafin asuba take cika. 'Yan dakonta suna tura wata kura mai ƙafa biyu da suke kira diyablo, wato shaiɗan, an jibga mata kaya har sun fi tsayin mutum. In ka ji fito a bayanka, matsa gefe kawai, kada ka tsaya waige.

A ɓangaren busassun kaya na tarar da zoɓo buhu-buhu, kowane da kwalin da aka rubuta asalinsa da farashinsa: na gida, na Sudan, na Najeriya, na Sin. Su ma suna nomawa, musamman a jihar Gerrero, sai dai ba ya isarsu. Nasu na gida ya fi tsada nesa, suna cewa ya fi ƙamshi. Namu masu gidajen abinci ke ɗiba, don yana da araha kuma yana ba da launi. Na tsaya na daɗe ina kallon yadda mai saye yake yi. Zai cusa hannu har ƙasan buhu ya ɗebo, ya murza ya ji ko ya bushe, ya duba ko furen cikakke ne ko gutsattsari, sannan ya kakkaɓe tafin hannunsa ya ga ko yashi ya maƙale. Ta bakin tafintanmu, kukan da masu shagunan suka fi yi a kan kayanmu shi ne ƙasa da tsinke da ƙananan duwatsu. Gaskiya na ji nauyi, domin na san yadda ake shanya shi a ƙasa a wasu ƙauyukanmu, na kuma san masu zuba dussa a tsakiyar buhu don awo ya yi nauyi. Kada mu manta, wajen 2018 hukumarsu ta kula da lafiyar tsirrai ta rufe ƙofa ga zoɓon Najeriya bayan an samu ƙwaron hatsi da ake kira kafra a cikin wasu kwantenoni, aka yi shekaru kafin a sake buɗewa da sharaɗin turara magani. Manoman Jigawa ba su manta da faɗuwar farashin lokacin ba. Buhu ɗaya mai ƙwaro yana iya jawo wa dubban mutane.

Dalilin yawan shansa kuwa a abincin rana yake. Daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu ma'aikata suna cika ƙananan gidajen abinci don cin komida korrida, wato abinci jere a farashi ɗaya: romo, shinkafa, babban abinci, da jug na abin sha. Abin shan nan yawanci ɗaya ne cikin uku, ko zoɓo, ko tsamiya, ko orchata, wani farin ruwan shinkafa da kirfa mai kama da kunun aya. Zoɓonsu ba citta ba kanumfari ba abarba, sukari ne da ƙanƙara kawai. Hajiya ta ce salam yake. Amma akwai abin da suka fi mu: furen da aka tafasa ba kullum ake zubarwa ba, wasu suna soya shi da albasa su naɗe a gurasar masara su ci kamar nama. Mun ci, kuma da daɗi.

Ciniki a kasuwar abinci ba a cika ja ba, farashi a rubuce yake. Sai dai suna da gyara, pilon suke ce mata, in ka sayi da yawa ko ka zama na kullum sai a ƙara maka kaɗan a kai. A lura kuma, alamar kuɗinsu iri ɗaya ce da ta dalar Amurka. In ka ga $50 a kan kwali, peso hamsin ake nufi, kada gabanka ya faɗi.

Abin da za a ci, da abin da za a tambaya

Masarar da muke jingina wa Masar a suna, asalinta ƙasar nan ce. Haka tumatir da piya da barkono iri-iri, daga wannan yanki suka bazu duniya. Don haka Bahaushe ba zai ji abincinsu baƙo can ba. Tortiya ita ce tuwonsu: ana dafa masara da ruwan farar ƙasa, a bar ta ta kwana, a wanke, a markaɗa, a fyaɗa ta sirara a gasa. Wannan dafuwa da farar ƙasa ita ke sa jiki ya amfana da sinadaran da ke cikin masarar, kuma ita ke sa ƙullin ya yi danƙo. Kowace unguwa da shagon tortiya, a kilo ake saye da zafinta. Da safe a bakin tashoshi za ka ga mata da manyan tukwane suna sayar da atole, kunun masara ne sak, wani da cakulan wani da kirfa.

To ga inda gizo ke saƙar. Alade ya shiga abincin ƙasar nan sosai, kuma ba naman ne ya fi wahalar kaucewa ba, kitsen ne. Manteka suke ce masa. Tamal, wanda ake naɗewa a ɓawon masara a turara kamar dokunu, da manteka ake kwaɓa shi ko da na kaza ne ko na zaƙi. Dakakken waken da ake sawa gefen kusan kowane faranti, sau da yawa da shi ake soyawa. Miyar mole mai cakulan da barkono ma haka. Naman da za ka gani a tsire a tsaye yana juyawa gaban wuta da abarba a samansa, kamar shawarma, shi ne al pastor, kuma alade ne. Daga shawarmar 'yan Labanan da suka yi hijira ƙasar aka samo shi, aka canza naman. Karnitas, chicharron, choriso, kochinita, duk shi ne. Kalmomi uku za ka haddace: puerko, serdo, manteka. Ka ce "sin puerko, sin manteka", wato ban da alade ban da kitsensa, ko ka rubuta a takarda ka riƙa nunawa. Ka kuma dubi faifan ƙarfen da ake gashi, domin sau da yawa a kansa ake soya komai.

Akwai naman rago da suke gasawa a rami cikin ganye ya kwana, barbakowa, ana samunsa Asabar da Lahadi. Maganar yankansa, kowa ya tambayi malaminsa tun daga gida. Mu dai kifi da ƙwai da ganye muka riƙe, kuma ba mu ji yunwa ba ko kwana ɗaya. Duk da garin ba ya bakin teku, kasuwar kifinsa ta La Nueba Biga, maƙwabciyar Central de Abasto, tana cikin mafi girma a duniya, gidajen cin kifi kuma ko'ina. A unguwar Polanko akwai mahautan Yahudawa da gidajen abincinsu, inda alade ba ya shiga ko kusa.

Na titi kuwa, ga dafaffiyar masara da ake shafa wa mayonis da cuku da yaji da lemun tsami. Ga mangwaro da gwanda da kankana a kofi an barbaɗa barkono. Ga nopal, wani tsiro mai faffaɗan ganye da ƙaya, ana kankare ƙayar a yanka a dafa, yana da yauƙi kamar kuɓewa. Da dare za ka ji wani fito mai tsawo kamar na jirgin ƙasa, mai gasasshen dankali ne da ayaba yake tura kurarsa. Abu biyu suka ba ni dariya. Na farko fara. Chapulines suke ce mata, soyayya da gishiri da yaji da lemun tsami, ɗan Maradi ko Maiduguri ba zai bambanta ta da ta gida ba sai dai tasu ƙanana ce, kuma sunan Chapultepek ma ma'anarsa tudun fara. Na biyu burtuntuna. Wannan baƙin ciwo da manominmu ke gani a zangarniya ya yi salati, su irinsa da ke kama masara abinci ne mai tsada, witlakoche, ana soya shi a sa cikin tortiya da cuku. Ɗanɗanonsa kamar naman kaza na daji. Abin sha kuma, pulke da meskal da tekila giya ne, tepache na ɓawon abarba ma tsimamme ne, a bar shi.

Musulmi kaɗan ne ƙwarai, ƙidayar 2020 ba ta samu dubu goma ba a duk ƙasar. Ba za ka ji kiran salla ba, sai ka dogara da wayarka. Alƙibla arewa maso gabas take. Mun yi Juma'a a wata cibiyar Musulmi da ke unguwar Ansures, gida ne aka mayar masallaci, sahu ya haɗa Larabawa da 'yan Pakistan da 'yan Afirka da 'yan ƙasar da suka musulunta. A nan ne ya fi dacewa a tambayi inda ake samun naman halal, don su suka san wanda ke buɗe a lokacin.

Tun da na ambaci 'yan Labanan, akwai abin da ya kamata ɗan kasuwa mazaunin ƙasar wasu ya gani. A mahaɗar titin Bolibar da Benustiyano Karransa akwai wani agogo a kan hasumiya da lambobin Larabci, baƙin da suka zo daga daular Usmaniyya ne suka ba garin kyauta a 1910. Yawancinsu da tallar yadi da allura suka fara. Ɗaya daga cikinsu, Yuliyan Salim, ya sauka ƙasar a 1902 yana yaro, ya buɗe kanti a tsakiyar gari. Ɗansa shi ne Carlos Slim, wanda ya taɓa zama mai kuɗin duniya na ɗaya. Gidan tarihin da ya gina da sunan marigayiya matarsa, Soumaya, yana nan a Polanko, shiga kyauta ne.

Wajen gari da sauran yawo

In da yara aka zo, a kai su Sochimilko, can kudu, inda ragowar tafkin yake. Hanyoyin ruwa ne tsakanin gonakin da Aztek suka gina da laka da ciyawa, har yau ana noman ganye da furanni a kansu. Ana hawa wani faffaɗan kwalekwale mai fenti da rumfa, mutum ɗaya yana tura shi da gora. Kuɗin na jirgi ne a awa, ba na kowane kai ba, a daidaita kafin a hau. Asabar da Lahadi wurin na 'yan shaye-shaye da kiɗa ne, iyali su je ranar aiki da safe. Dalar Teotiwakan kuma tafiyar kilomita 50 ce, ana samun bas a tashar arewa. Babbar ta kai mita 65, kuma ko Aztek ɗin ma kufai suka tarar da garin. Babu inuwa a wurin, a tafi da malafa da ruwa. Gidan namun dajin Chapultepek kyauta ne. Ranar Lahadi da safe ana hana motoci bin babban titin Reforma, ya zama na masu keke da masu tafiya a ƙasa.

Girgizar ƙasa gaskiya ce a garin nan. Ta 19 ga Satumba 1985 ta kashe dubbai, sannan aka sake yin wata a rana irin wannan a 2017. Akwai lasifikoki a kan turakun tituna da ke yin wata ƙara in babba tana tafe, wani lokaci a samu kusan minti ɗaya kafin ta iso. Ranar da ka sauka ka tambayi masu masauki ina ake taruwa, in ka ji ƙarar kuma kada ka shiga lif. Ɓarayin aljihu suna nan a Metro da kasuwanni kamar kowane babban gari. Al'adarmu ta ɗaure damin kuɗi a ƙugu, a bar ta a gida. Tasi a kira ta waya, ko a yanki tikitinta a rumfar da ke cikin filin jirgi. Kasuwar Tepito za a yi ta ba ka labarin arahar kayanta, ni ban ga abin da baƙo zai je nema can ba. Mutanen garin dai masu fara'a ne, gaisuwa ba ta yi musu wuya. Hajiya da lulluɓinta an yi ta kallonta, wasu mata har suka nemi hoto, amma ba wanda ya faɗa mata maganar banza.

Tsaraba a kasuwar Siudadela ake samunta, nan kam ana taya kaya a rage. Akwai barguna masu launi, da jakunkunan fata, da kwanukan tangaran. Azurfa a duba hatimin 925 a jiki. Ni busasshen barkono na ɗebo kala huɗu daga Merced, da cakulan na dama wa a madara. Hajiya kuwa wani ƙaramin ƙarfen matse tortiya ta saya, da garin masarar da aka riga aka dafa da farar ƙasa kilo biyu, domin garinmu na tuwo ba ya kama jikinsa a faifan gashi. Ƙarfen da nauyi, a sa shi a jakar da za a auna, kada a riƙe a hannu.